Bencin Aro

A gidan su Dinatu, can ƙasan Mayo Gwoi inda hanya ke gangarawa bakin kogi, mutum biyu ne ke kwana, na uku yana ciki ba a haife shi ba tukuna. Babanta Nathaniel yana ƙauye wajen noman shinkafa, sai ya samu mota yake leƙowa. Mamanta Roseline tana suyar ƙosai a bakin titi tun daga asuba har rana ta take. Suna da tukwane, suna da katifa, suna da rediyon da ke kama tasha ɗaya. Abin da ba su da shi shi ne kujera ta biyu.

Kujerar ɗaya ce, 'yar tsugunno ta katako, wadda kakar Dinatu ta bari. Yawan zama ya sa samanta ya yi sulɓi yana sheƙi. Da asuba ta Mama ce, a kanta take fara suya. Da an ji ƙararrawar makaranta sai ta dafa gwiwa ta miƙe, ta goge kujerar da bakin zaninta, ta ɗora wa Dinatu a ka. Daga nan har azahar a kan bokitin fenti da aka kife take zama, ga ciki ya tsufa. Da yamma sai ta kwanta a tabarma tana cewa Dinatu ta danna mata baya, kaɗan-kaɗan, daga ƙugu zuwa sama.

Dinatu 'yar aji biyar ce a makarantar gwamnati da ke unguwar. Ajinsu cike yake har bakin ƙofa, amma benci uku ne a ciki, ɗaya ma bulo ne ke riƙe da ƙafarsa. Manyan yara maza ne ke zama a kai. Saura a ƙasa suke, wani a kan buhu, wani a kan kwali, wani a kan dutsen da ya yi wa alama da alli. Simintin ya farfashe tun tuni, da damina danshi yakan taso ta cikinsa. Mama ta taɓa leƙa ajin sau ɗaya, ta dawo ta ce ita dai 'yarta ba za ta yi rubutu a ƙasa ba, in dai tana da rai.

A satin da ya gabata wata babbar mota ta biyo titin unguwar ɗauke da sababbin bencina, an jera su har sama, fenti yana ƙyalli. Yara suka ruga bakin shinge suna ihu. Motar ta rage gudu a wajen ramin da ke gaban makarantar, ta kauce masa, ta wuce. Malama Jemima, malamar ajinsu, ta ce wataƙila za su sake dawowa, kowa ya koma ya zauna. Kowa ya koma ya zauna.

Sai ga shi ranar Laraba, a wajen taron tashi, hedimasta Malam Tobiya ya sanar cewa gobe za a yi baƙuwa daga jami'a, kan maganar kayan makaranta. Bai ce komai fiye da haka ba. Amma kafin yara su isa gida, labari ya zama cewa matar da ke raba benci ce za ta zo.

Da safiyar Alhamis, da ƙararrawa ta kaɗa, Mama ta fara dafa gwiwa za ta miƙe.

"Ki zauna, Mama," in ji Dinatu. "Yau ba zan ɗauka ba."

"Don me?"

"Yau ake kawo mana benci. Daga yau ma taki ce."

Mama ta juya ƙosan da ke cikin mai kafin ta dube ta. "Wa ya faɗa miki?"

"Hedimasta ya ce mai maganar kayan makaranta za ta zo."

"Za ta zo ya ce, ko za ta kawo?"

Mama ta naɗe mata ƙosai a takarda, ta gyara zama a kan kujerar, ta ce, "To. Allah Ya sa."

A makaranta an riga an fara shara. Malam Tobiya yana tsaye a tsakiyar fili cikin rigarsa ta zuwa coci, yana raba aiki. 'Yan aji biyar da 'yan aji shida aka ce su bi layi zuwa cocin da ke bayan makarantar, su kwaso benci.

Dinatu ta san wannan aikin. Tana aji uku aka taɓa yin irinsa, ranar da ma'aikata suka zo daga ofishin ilimi suna shiga aji-aji suna ƙirga kaya. Ita da wata yarinya suka ɗauko benci guda a ka, wuyanta ya yi kwanaki yana ciwo. Amma ranar tana cikin ranakun da ta fi so. Ta wuni a kan benci, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, rubutunta ya fito a miƙe har aka nuna wa 'yan aji.

Suna jiran a jera su, ta ji Malama Jemima ta matsa kusa da hedimasta tana magana ƙasa-ƙasa.

"Sa, ko a bar su haka, ta gan mu yadda muke?"

"Haba, Jemima. In baƙuwa za ta zo gidanki, ba kya aro kujera a maƙwabta? Ko a ƙasa za ki zaunar da ita?"

"Wannan ai ba gida ba ne, Sa."

"Gidana ne. Mace ta taso daga jami'a ta tarar da yarana a ƙasa kamar kaji? Ta koma ta ce me?"

Malama Jemima ta juya wajen yara. Ta tafa hannu, yara suka shiga layi.

Baba Manasseh mai gadin coci ne ya buɗe musu ƙofa. Tsoho ne gajere mai yawan mita, amma bai taɓa hana aro ba.

"Ku gaya wa Tobiya," in ji shi, "da rana ta take zan zo in kwashe kayana. Akwai jana'iza yau. Kai mai babban kai, kar ka ja shi a ƙasa! Bencin ubanka ne?"

Aka gaya wa hedimasta, ya ce kafin lokacin baƙuwa ta daɗe da tafiya. Aka jera bencinan a kowane aji. Buhuna da kwalaye da duwatsu aka kwashe aka zuba a bayan banɗaki. Dinatu ta samu wuri a layin gaba. A jikin katakon, daidai inda ta ɗora hannu, an rubuta da ƙarfe mai zafi cewa kyautar Zumuntar Mata ce. Ta sa littafinta ta rufe rubutun, ba don an ce ta rufe ba, sai don nan ne wurin ya fi santsi.

Baƙuwa ba ta zo da wuri ba. Aka yi lissafi, aka yi Turanci, aka fita tara aka dawo. Kowace mota ta yi ƙara a titi sai kawuna su juya. Rana ta kusa tsaka sa'ad da keke mai ƙafa uku ya tsaya a bakin shinge, wata budurwa ta sauko da jaka a baya. Dinatu ta miƙa wuya ta taga tana duban bayan keken. Babu wata mota da ke biye da shi.

Sunanta Sandra, ɗaliba ce mai bincike a jami'a. Ta ba da haƙuri, ta ce sunan makarantar da ke cikin takardun da aka ba ta daban yake da wanda ke jikin allon ƙofa, sai da mai keke ya kai ta wata makarantar a Barade tukuna. Malam Tobiya ya zagaya da ita ajujuwa, ya kawo ta aji biyar a ƙarshe. Yara suka miƙe suka gaishe ta da murya ɗaya. Ta ajiye kwamfutarta a teburin Malama Jemima, dab da inda Dinatu ke zaune, tana ta murmushi tana duban ajin.

"Baba, ba ka san irin wahalar da na sha ba kafin in samu bayanan nan," in ji ta. "Aikina shi ne in gano ko ana raba kayan makaranta daidai tsakanin unguwannin masu hali da na talakawa. Na je ofis aka ce in kawo takarda daga jami'a. Na kawo, aka ce mai makullin ɗakin ya tafi kwas Yola. Ya dawo, babu wuta. Da aka kawo wuta aka ce kwamfutar ta ƙi tashi. Ƙarshenta wani bawan Allah ya bar ni na ɗauki hoton shafukan da wayata, na zauna na shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Wasu makarantun an rubuta su sau biyu, wasu ba a rubuta shekarar ba, wasu ruwa ya cinye rabin shafin."

"Sannu, 'yata," in ji Malam Tobiya. "Aikin gwamnati sai haƙuri."

"Amma taku ta fito tsaf. Shi ya sa na zo." Ta juya masa kwamfutar. "Duba. A duk wannan gefen na bakin kogi, ku kaɗai ne kowane yaro ke da wurin zama. Na ce sai na zo na ga yadda kuka yi, ko sauran za su koya."

Malam Tobiya ya sunkuya ya dubi gilashin kwamfutar. Murmushinsa yana nan. Malama Jemima ta juya tana kallon taga.

Sandra ta waiwayo ta ga Dinatu. "Ƙanwata, yaya sunanki?"

"Dinatu, Anti."

"Kina jin daɗin rubutu a kan bencin nan?"

"E, Anti. Sosai."

Gaskiya ta faɗa. Sandra ta gyaɗa kai ta danna wani abu a kwamfutar.

A daidai nan aka ji ƙarar amalanke a fili, sannan Baba Manasseh ya leƙo ta ƙofa yana sharce gumi.

"Tobiya! Lokaci ya yi fa. Gawa ya taso daga asibiti, mutane sun fara cika coci a tsaye." Ya hango Sandra. "Au, madam ɗin bai tafi ba? Sannu, madam. Yara, ku tashi, ku tashi, ku ba ni kayana."

Ba wanda ya motsa. Yara suka zuba wa hedimasta ido. Ya buɗe baki kamar zai roƙi a ƙara masa lokaci, sai aka jiyo waƙar makoki ta taso daga bayan makarantar, mata suna rerawa a hankali. Ya ɗaga hannu kaɗan ya sauke.

"Ku mayar," in ji shi.

Suka tashi. Bibbiyu suka ɗauki bencinan a ka suka fita a layi, kamar yadda suka shigo da su. Daga sauran ajujuwa ma haka, fili ya cika da bencina masu tafiya. Sandra ta matsa gefe ta ba su hanya, ta riƙe kwamfutarta a ƙirji. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya yi surutu.

Da suka dawo, ajin ya koma yadda yake: benci uku, ɗaya a kan bulo. Waɗanda suka yi sauri sun samo buhunansu a bayan banɗaki. Dinatu ba ta da buhu, ba ta da kwali, ba ta taɓa buƙatarsu ba. Ta tsaya a wurin da take ajiye kujerarta kullum, ta dubi simintin, sannan ta tattara siket ɗinta ta zauna. An yi ruwa da daddare. Sanyin ya ratsa yadin ya shige ta nan take.

Manyan suna tsaye a gaban allo. Da alama sun manta da yaran.

"Baba," in ji Sandra, muryarta ta sauka, "ranar da aka zo ƙirga daga ofis, haka aka yi?"

"Baƙi ne daga ofis," in ji Malam Tobiya. "Manya ne. Ba mu yi don mu ruɗi kowa ba. Ba su tambaya ba ko namu ne. Sun ƙirga, sun sha ruwa, sun tafi."

Malama Jemima ta ce, "Motar da ta wuce mu satin da ya gabata fa?"

Sandra ta juya gare ta. "Ƙungiyar da ta sayi bencinan da waɗannan bayanan ta yi aiki. Babu wasu. Sun zaɓi makarantun da suka fi rashi, daga ƙasa zuwa sama. Ku kuna can sama."

"To ki gyara," in ji hedimasta. "Ga kwamfuta a hannunki."

"Wannan kwafina ne kawai, Baba. Na ofis yana ofis. Ni ma roƙa na yi aka bar ni na gani."

"In na je da kaina?"

"Za su ce kai ka sa hannu a takardar."

Shi ne kuwa ya sa hannun.

"Zan rubuta a cikin bincikena," in ji Sandra. "Zan faɗi abin da na gani."

"Wa zai karanta?" in ji Malama Jemima. Ba da faɗa ta tambaya ba.

"Malamina. Da waɗanda za su ba ni maki."

"Yaushe za a sake ƙirga?"

"An ce kowace shekara ake yi. Amma na wancan lokacin shi ne na ƙarshe da na iya samu. Ban sani ba, Anti. Wallahi ban sani ba."

Waƙar coci ta ci gaba da shigowa ta taga. Malam Tobiya ya ciro hankici ya goge wuyansa, ya ninke shi a hankali ya mayar aljihu. Dinatu ta ga hannunta ya ɗaga sama kafin ta gama shawara.

"Mene ne, Dinatu?" in ji Malama Jemima.

"Anti ta ƙirga mu yanzu."

Sandra ta dube ta. Ta dubi hedimasta, bai hana ba. Sai ta fara daga bakin ƙofa, tana nuna kowane kai da yatsa, leɓunanta suna motsi. Yara suka gyara zama, wasu suka ƙame kamar za a ɗauki hoto. Yatsan ya zo kan Dinatu, ya tsaya kaɗan, ya wuce. Da ta gama ta ƙirga bencina uku, ta tambaya ko mai bulon yana cikin lissafi, Malama Jemima ta ce a sa shi, ai ana zama a kai. Sandra ta koma za ta shigar, ta tarar kwamfutar ta mutu, cajinta ya ƙare. Babu wuta a makarantar. Ta rubuta a wayarta.

Hedimasta ya raka ta har bakin shinge, ya tsayar mata da keke, ya yi mata godiya da ta zo. Malama Jemima ta ɗauki alli ta rubuta darasin rana a allo, ta ce kowa ya kwafa. Dinatu ta ɗora littafin a gwiwa. Layin farko ya karkace, na biyu ma haka. Ba ta goge ba.

Da aka tashi ta bi ta bakin titi. Mama ta kashe wuta tana juye sauran mai a galan. Tana zaune a kan kujerar, ta miƙe ƙafafu, bokitin fenti yana gefe cike da ruwan wanke-wanke. Dinatu ta lura cewa yau Mama ba ta dafe ƙugu kamar kullum ba.

"Sun kawo?" in ji Mama.

"Ba su kawo ba."

"Matar ba ta zo ba?"

"Ta zo."

"To me ta ce?"

"Ta ce a rubuce muna da benci."

Mama ta ɗago kai. "A rubuce a ina?"

"A ofis."

Mama ta yi kamar za ta sake tambaya, sai ta fasa. Ta ce Dinatu ta juya. Ta juya. Bayan siket ɗin ya jiƙe, jar ƙasa ta zana masa babban tabo.

"A ƙasa kika wuni?"

"Rabin wuni. Da safe a kan na coci muke."

Mama ta ja tsaki mara ƙarfi. Ta rufe galan, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta goge kujerar da bakin zani kamar yadda ta saba. "Gobe ki ɗauki abinki. Na gaya miki tun safe."

"A'a, Mama."

"A'a me?"

"Ki riƙe. Zan nemi buhu."

"Dinatu, ni na haife ki ko ke kika haife ni? Na ce ba za ki yi rubutu a ƙasa ba."

"In sun dawo ƙirga suka gan ni a kan kujera, za su rubuta."

"Yaushe za su dawo?"

"Ba wanda ya sani."

"To har sai yaushe za ki zauna a ƙasa?"

Dinatu ta sunkuya. Ta ɗauki kaskon suya ta ɗora a ka, ta ɗauki galan a hannu, ta bar kujerar a inda take. Mama ta tsaya tana kallonta na ɗan lokaci. Wani mai keke ya tsaya yana tambayar ko akwai sauran ƙosai, ta ce ya ƙare. Sannan ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki kujerar da kanta, ta biyo bayan 'yarta suka gangara hanyar kogi.

Dinatu ba ta ji haushin hedimasta ba, ba ta ji haushin baƙuwar ba. Ba ta ma ji wani abu sosai ba, sai sanyin siket a jikinta da nauyin kasko a kanta, daidai inda benci ya danne ta da safe. Ta dai gane abu ɗaya: ranar da ta fi jin daɗin zama a makaranta, tana aji uku, ita ce ranar da aka rubuta cewa ba ta buƙatar wurin zama, kuma ita da kanta ta ɗauko bencin.